Gurbin da Auta Ta Ɓoye

Duk ranar Litinin ta farkon wata, kafin ya zauna, kafin ma shayinsa ya huce, Baba kan tsaya a gaban teburin Auta ya yi mata tambaya guda ɗaya.

"Mutum nawa suka zo da lamba?"

Ita kuma ta duba kwamfuta ta faɗa masa. In adadin ya yi yawa sai ya yi gyaran murya ya wuce kujerarsa yana ƙunshe dariya. In ya ragu sai ya ce teloli ne ba su samu aiki ba a watan, Allah ya kawo musu.

Shagon na kayan ɗinki ne: zare, allura, zif, maɓalli, almakashi, allin tela, man keke. Kowa Mai Zare yake kiran Baba, har masu kawo masa kaya. Shekara ashirin da shida ke nan yana buga kundin kaya sau ɗaya a shekara, shafi arba'in da takwas, ya aika wa teloli kusan ɗari tara ta gidan waya. A tsakiyar kundin akwai kwali mai kauri wanda yake manna wa zare na gaske, launi sittin, da hannunsa, domin a cewarsa hoto maƙaryaci ne, ja zai nuna maka a kawo maka ruwan goro. A bangon baya kuwa akwai sa hannunsa, da layi guda da bai taɓa sauyawa ba: farashin da ke cikin kundin nan shi ne farashi har sabo ya fito.

Auta ce ƙaramar 'yarsa, kuma duk da ta haura talatin da 'ya'yanta biyu, sunan bai sake ta ba. Ita ta buɗe wa shagon shafi a intanet shekara huɗu da suka wuce. Baba bai yi gardama ba, sharaɗi ɗaya kawai ya kafa, cewa alkawarin kundi ya bi mutane har can. Sai ta tsara abin da kyau. Farashin shafi yana bin kasuwa, yau ya hau gobe ya sauka. Amma a kwandon sayayya, daidai saman jimilla, ta sa wani gurbi babba mai launin kore da aka rubuta: "Kana da kundi? Sa lambarka a nan." Lambar tana bangon baya, kusa da sa hannun Baba. Da ka shigar da ita sai kwandon ya juye gaba ɗaya zuwa farashin kundi. Ranar da ta nuna masa, sau biyar ya sa ta maimaita, yana kallon kuɗin suna sauka da kansu yana cewa, "Ka ji yarinya!"

To, bana sai kaya suka yi tashin da ba a taɓa gani ba. Wata uku da fitowar kundi, ƙullin zaren da aka buga a ɗari biyu ya koma ana saro shi ɗari biyu da talatin. Yaya, babban wanta, shi ke kula da sito da sarin kaya, kuma mutum ne da in abu ya dame shi sai duk ginin ya sani.

"Baba, sadaka muka buɗe ko shago? Duk ƙullin da ya fita da lambar nan da hasara yake fita!"

"Na sa hannu," in ji Baba.

"Ai lokacin da ka sa hannu duniya ba haka take ba."

"Da na san duniya ba ta canzawa, me zai sa in yi alkawari? Mu daure zuwa sabon kundi."

Aka yi ta haka har mako biyu. Yaya ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya kawo takardun sari ya shimfiɗa a kan kanta, Baba ko gezau. Auta dai ita ma tana gani, kuma gaskiyar Yaya ce ta fi shiga kanta.

Wata Laraba da hantsi, Baba ya fita duba wani kaya, Yaya yana sito yana faɗa da kwalaye, ta buɗe bayan shafin. Ba ta goge gurbin ba. Wannan ita ce maganar da ta riƙa faɗa wa kanta daga baya, safe da yamma: ban goge ba. Ɗauke shi kawai ta yi daga saman jimilla ta kai shi can ƙasan shafin ƙarshe, bayan adireshi, bayan zaɓin hanyar aikawa, ta naɗe shi a ƙarƙashin wasu ƙananan haruffa masu launin toka da ke cewa "sauran zaɓi". Sai ka danna su gurbin zai buɗe. Duk wanda ya nema da gaske zai samu, in ji ta a ranta. Aikin bai ci mata minti goma ba, ta tashi ta haɗa wa kanta shayi.

Ba ta gaya wa kowa ba, har Yaya. Shi dai ya ga hasara ta ja baya, ya ɗauka kukansa Allah ya ji, ya daina hayaniya.

Litinin ta farkon wata ta zo.

"Mutum nawa suka zo da lamba?"

"Sittin da ɗaya, Baba."

Ya ɗan tsaya. Watan da ya wuce ɗari da arba'in ne. "Aiki ne ya yi musu ƙaranci," ya ce, ya wuce.

Wata na gaba sha tara. Na bayansa bakwai. Kuma abin haushin, ko sau ɗaya ba ta yi masa ƙarya ba. Abin da kwamfuta ta nuna shi take faɗa, da murya a sake, idonta a kan allo. Ciniki bai ragu ba, mutanen nan dai suna nan suna saye, sai dai a farashin shafi. Wannan ɓangaren ne Baba bai tambaya ba, ita kuma ba ta ga dalilin tsoma baki a abin da ba a tambaye ta ba.

Da adadin ya kai bakwai bai ambaci ƙarancin aiki ba. Ya ce, "To," ya je ya zauna.

Auta ta fara lura da abubuwa, ba don tana so ba. A irin wannan lokacin na shekara teburin Baba kan cika da guntayen zare da kwali da kwalbar gam, yatsunsa duk su yi danƙo, ya hana kowa kunna fanka don kada iska ta watsa masa launuka. Bana teburin fes yake, fanka tana ta juyawa. Ya daina tsokanar masu saye. Da can in tela ya zo neman shuɗi sai Baba ya ce, "Wane shuɗin? Ina da tara, kuma takwas ba za su dace da kai ba." Yanzu sai ya nuna wa Yaya da haɓa ya ce a ba shi. Sau biyu ya je ganin likitan ido a wata ɗaya, shi da sai an yi da gaske yake shan maganin mura.

Abin yana cin ta. Har a gida abin ya bi ta. Mijinta ya tambaye ta ko ba ta da lafiya, ta ce gajiya ce. Kullum sai ta ce gobe za ta mayar da gurbin, gobe kuma ta tuna takardun Yaya ta ce bari dai a kai ƙarshen wata. Haka aka ci wata huɗu.

Ranar wata Alhamis da safe, Baba ya tafi karɓo sabon tabarau, wata tsohuwa ta shigo shagon tana dogara lema. Auta ta san ta tun tana yarinya. Gwaggo mai keke ake ce mata, tela ce da ke can wani gari mai nisan awa uku a mota, kuma tana cikin mutanen farko da suka fara karɓar kundi. Tunda gwiwa ta fara ba ta wahala jikanyarta ke yi mata oda ta waya.

"Auta ce haka? Kai, girma ba wuya. Ina babanki?"

"Ya fita, Gwaggo, amma yanzu zai dawo. Sannu da hanya. Ga kujera."

Tsohuwar ta zauna ta huta, sannan ta buɗe jaka ta fito da kundin bana. Ya sha hannu, gefensa duk ya nannaɗe, an zagaye wasu kaya da biro.

"Lafiyarsa ƙalau kuwa?"

"Ƙalau, Gwaggo."

"Kada ki ɓoye min, 'yar nan. Ni ba baƙuwa ba ce."

"Wallahi lafiyarsa ƙalau, ido ne kawai yake ɗan damunsa. Wani abu aka ce miki?"

"Ba wanda ya ce min komai. Wurin sa lambar nan ne muka nema muka rasa. Ni da jikanyata mun juya wayar nan sama da ƙasa, ita da ta san kan waya kamar ita ta ƙera. Sau uku muna saye a sabon farashi." Ta ɗaga hannu ganin Auta za ta yi magana. "Ba ƙorafi na kawo ba. Kowa ya san yadda kaya suka yi. Mu da muke cikin ƙungiyar teloli a can mun zauna mun ce kada wanda ya kira shi, kada a kunyata dattijo, in ya janye maganarsa dole ce ta sa. Amma ni raina bai kwanta ba. Shekara ashirin da shida na san mutumin nan. Na ce in dai yana tsaye da ƙafarsa a shagon nan ba zai janye ba, in kuwa zai janye sai ya rubuto mana. Shi ne na ce bari in zo in ga ko kwance yake."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce matsala ce aka samu a shafin, za a gyara yau, kuma za ta mayar wa Gwaggo abin da ya hau.

"Ni kuɗi na zo karɓa? Kuɗin motar da na kashe ya fi shi. Tunda lafiyarsa lau, shi ke nan. Kada ma ki ce masa na yi maganar, ki ce na biyo gaisuwa ne." Ta miƙe da ƙyar. "Motar ƙarfe sha ɗaya nake so in samu. Ba ni farin zare ƙulli biyu in tafi."

Auta ta ba ta a farashin kundi, ta raka ta har bakin titi. Da ta dawo ko zama ba ta gyara ba ta buɗe bayan shafin, ta ciro gurbin daga inda ta cusa shi ta mayar da shi saman jimilla, kore, babba, har ta ƙara masa girma. Shi ma bai ci minti goma ba.

Sai ta ji wani sanyi ya sauko mata. An gyara. Wata mai zuwa adadi zai tashi, Baba zai ce teloli sun samu aiki, zai fito da gam da kwali. Ba wanda ya sani, ba kuma wanda zai sani. Ta ma fara tsara yadda za ta riƙa saka wa mutanen ɗan ƙarin kaya a cikin odarsu a hankali, ba tare da bayani ba.

Baba ya dawo wajen azahar da sabon tabarau mai kauri. Ta gaya masa Gwaggo mai keke ta biyo gaisuwa, ya yi murmushi kaɗan ya ce Allah sarki. Sai ya jawo kujera ya zauna kusa da teburinta, abin da ba ya yi, ya ƙwala wa Yaya kira daga sito.

"Ku zauna, magana zan yi da ku. Gobe zan kira mai ɗab'i in ce masa bana ba kundi."

"Ba kundi kamar yaya?" in ji Yaya. Shi farashi yake faɗa da shi, bai taɓa kawo wa ransa a daina bugawa ba.

"Mutum bakwai ake buga wa littafi? An wuce wurin, ni ne ban sani ba. Wannan ɗaya ke nan." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. "Na biyu kuma, ƙarshen shekara zan bar muku shagon. Idona ya tafi."

"Haba Baba, likita ya ce haka?" Auta ta tambaya.

"Likita cewa yake da sauƙi. Ai su haka suke cewa. Ni na gwada kaina." Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Da na ga adadin nan yana sauka, na ce bari in shiga shafin da kaina in ga abin da mutane ke gani. Da safe kafin ku iso nake yi. Na ɗauki kundi, na zaɓi zare, na sa a kwando, na nemi wurin lamba. Wurin da ke, Auta, kika nuna min sau biyar. Ban gan shi ba. Na sake washegari, ban gani ba. Na bari sai da aka yi sati na sake. Kunya ta hana ni tambayarki. Na ce yau ni ne a shagona ba na ganin abin da ke gabana?"

Ya zaro wayarsa daga aljihu. "Bari ma ku gani, don kada ku ce rigimar tsufa ce."

Auta ta so ta riƙe hannunsa, ta fasa. Tana kallo ya shiga shafin a hankali da yatsa ɗaya, ya zaɓi ƙullin zare, ya danna kwando. Gurbin ya fito, kore shar, ya kusa cinye rabin allon wayar.

Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Kun gani ko?" ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ga shi nan ƙato. Sai da aka ƙara min gilashi mai kaurin gindin kofi sannan na gan shi. Sau uku yana gabana haka. To mutumin da bai ga wannan ba, shi zai bambance muku launi sittin? In manna wa mutane baƙi in ce shuɗi ne?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Fanka tana ta juyawa.

Auta ta ga hanya a buɗe, shimfiɗaɗɗiya. Shiru kawai za ta yi. In ta yi shiru, laifin ya tashi daga kanta ya koma kan idon Baba, ya zauna can har abada, kuma shi da kansa ya ɗora. Ta dubi hannunsa da ke riƙe da wayar, yatsun nan da ta saba gani da danƙon gam, yau a bushe.

"Baba, ba idonka ba ne."

"Kada ki lallashe ni, Auta."

"Ba lallashi ba ne. Ba ya nan. Duk ranakun da ka nema ba ya nan. Ni na ɗauke shi, wata huɗu ke nan. Yau da safe na mayar."

Ta faɗi sauran ba tare da ta ɗaga kai ba: Larabar nan, ƙananan haruffa masu launin toka, abin da ya kawo Gwaggo mai keke da abin da telolin garinsu suka yanke a zamansu. Yaya ya buɗe baki ya ce, "Ke kuwa..." sai ya tuna wanda ya yi mako biyu yana hayaniya, ya rufe.

Baba bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa da ta fi jin daɗi.

"Nuna min inda kika sa shi."

Ta buɗe tsohon tsarin a kwamfuta ta gangara can ƙasa. Ya matso da fuskarsa, ya cire sabon tabarau, ya duba da idonsa haka nan.

"Sauran zaɓi," ya karanta. "Ai na ga wannan. Har na ce me kuma aka rubuta nan da ƙanana haka." Ya jingina da kujera. "Ashe ina gani."

"Ka yafe min, Baba. Hasarar ce na ga..."

"Da nake tambayarki duk wata, kin san dalili?"

"Na sani."

"Kina kallona ina zuwa asibiti."

Hawaye kawai suka zubo mata.

Ya miƙe, ya je ya kashe fanka da kansa. Ya ce wa Yaya ya fito masa da kwali da gam, ya kuma kira mai ɗab'i ya ce kundi yana nan, a ƙara shafi ɗaya a gaba. Ya ce wa Auta ta fitar da sunan duk mai kundin da ya saya a farashin shafi cikin wata huɗun nan, a mayar wa kowa abin da ya hau, a haɗa da wasiƙa. Ta ce za ta rubuta cewa ita ce ta yi.

"A'a. Sa hannun wa ke bayan kundin? Ni suka sani. Ki rubuta, ni zan sa hannu."

Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu ne. Kwana uku ya yi yana sa hannu, ɗaya bayan ɗaya, a teburin da ke fuskantar nata, tsakanin guntayen zare. Bai sake tayar da maganar ba. Yana gaishe ta da safe, yana tambayar yaranta, har ya koma tsokanar masu neman shuɗi. Maganar barin shago ma ta bi iska.

Litinin ta farkon wata, Auta ta riga kowa zuwa. Ta duba adadin tun kafin ta ajiye jaka: ɗari da sittin da uku, bai taɓa kai haka ba. Ta rubuta a 'yar takarda ta ajiye a gabanta, ta zauna kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

Baba ya shigo da kofin shayinsa. Ya amsa gaisuwarta da fara'a, ya wuce gaban teburinta bai tsaya ba, ya leƙa ƙofar sito.

"Kai, mutum nawa suka zo da lamba?"

Yaya bai san ko ta ina ake dubawa ba. Ya fito yana goge hannu, ya tako taku uku zuwa teburin Auta, ya sunkuya. Ta tura masa takardar. Ya ɗauka ya koma ya karanta wa Baba.

"Madalla," in ji Baba, ya je ya zauna.